Gem Ɗin Auwalu da Sarkin Taro

Jama'a, shekaranjiya na yawata rabin garin Difa a cikin ranar azumin nan, da kwali a kai kamar mai tallar kifin Komadugu. Abin da ke cikin kwalin kuwa tsohon gem ne na ɗana Auwalu, irin wanda ake jona wa tele, da manet biyu na riƙewa a hannu a sarrafa 'yan wasa, da kaset-kaset na ƙwallo, wanda ya bari a ƙarƙashin gado da ya tafi karatu Damagaram.

Uwargida Zulaihat ce ta tono shi. Tun farkon azumi na yi mata alkawarin atamfar Sallah, ni kuwa alkawarina ya fara kama da na manyanmu: ana jin sa, ba a ganin sa. Ta dire kwalin a gabana ta ce, "Baban Auwalu, tela ya ce ya kusa daina amsar ɗinki. In ba ka da kuɗi, ga dukiya nan tana kwana da gizo-gizo." Na ji kunya har cikin raina, domin bara ma da tsohon zane ta je idi, kuma ba ta ce mini uffan ba.

Na kai wa Mudassir, mai rumfar gem a bayan kasuwa. Ya juya abin, ya hura shi, ya ce, "Baba, ba a cinikin biri a sama. A kunna in gani." Gaskiyarsa. To da me za a kunna? Wuta dai tun da aka yi bikin ƙaddamar da ita, da jawabai da makaɗa, take zuwa mana kamar baƙuwa mai kunya: ta leƙo, ta gaishe mu, ta koma. Ɗan gurup ɗin Mudassir, injin ba da wuta, kuma babu mai, layin gidan mai ya kai inda ido ba ya kaiwa. Allah ya saka wa masu girma da alheri, sun koya mana haƙuri kyauta.

Maƙwabcina Umara ne ya cece ni. Mai gadi ne a wani biro, wato ofishin gwamnati, da ba zan faɗi sunansa ba, don ina son in ci Sallah a gidana. Ya ce, "Malam, ku taho wurinmu. Gurup ɗinmu ba ya mutuwa, ko ran Lahadi sanyaya kujeru yake. Ga tele a zauren jira."

Muka tarar da zauren cike da manoman tattasai daga Cetimari, kowa da takardarsa ta neman man injin ban-ruwa, suna jiran sa hannun Ranka-ya-daɗe Sarkin Taro. Haka nake kiransa, domin duk wanda ya tambaya sai sakatare ya ce, "Yana taro." Wani dattijo a cikinsu mai suna Abatcha ya ce mini tun tattasansa na fure yake zarya, ga shi yanzu ganye ya fara langaɓewa, bai taɓa ganin ko hular mutumin ba.

Muka jona waya. Abin ya yi tari, ya yi ƙyafta, sai ga fili kore shar da 'yan kallo suna ihu. Ni da Mudassir muka fara bugawa don gwaji. Ba mu yi nisa ba sai ƙofar nan da ba ta buɗuwa ta buɗe. Ga Sarkin Taro da kansa, babbar riga tana jan ƙasa. Na ce yau kashina ya bushe.

Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Wannan irin wanda muka yi wasa da shi ne a makaranta. Kai yaro, ba ni nan." Ya karɓe manet daga hannun Mudassir, ya naɗe hannun riga, ya zauna a bencin talakawa.

Ni dai Auwalu ya ɗan koya mini, don haka na zura wa Mai Girma ƙwallo ɗaya a raga. Fuskarsa ta ɗaure. Sai na ji Abatcha ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya raɗa mini da Hausarsa ta Barebari, "Malam, don Allah bar shi ya ci. Tattasai yana mutuwa."

Na saki gola ya tafi yawo. Mai Girma ya zura, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Abatcha ya lallaɓa ya ɗora takarda a gwiwarsa, ya miƙa biro ɗin rubutu. Wallahi ya sa hannu idonsa na kan tele. Daga nan aka gane hanya. Duk ƙwallon da ya shiga ragata, takarda ɗaya ta fita. An ci ni cin da ko a mafarki ba a taɓa yi mini ba, kuma ban taɓa jin daɗin shan kashi irin na ranar ba. Kafin la'asar zaure ya gama samun biyan bukata.

Da Mai Girma ya koma ciki yana fifita, Mudassir ya taya gem ɗin tayin wulaƙanci. Abatcha ya ce, "A'a, mu za mu saya." Ya cire hularsa ya zagaya da ita, manoma suka yi karo-karo. Ya ce a bar abin nan zauren jira sadaka, domin gobe akwai takardar taki, jibi ta iri, kuma ba kullum ake samun abin da ke fito da kura daga rami ba. Na karɓi kuɗina na wuce kasuwa kai tsaye. Zulaihat ta ga atamfa, ta shafa ta, ta ce, "Ashe dai kai ba mai girma ba ne, ka cika alkawari." Na daɗe ban ji yabon da ya kai wannan ba.

Jiya na tsinci wani kaset da ya faɗa bayan gado. Ciniki ba ya cika sai da gyara, sai na ce bari in kai musu. Na tarar da zaure tsit. Babu tele, babu gem, sai ƙusa a bango da sababbin manoma a benci. Na tambayi sakatare ina Mai Girma.

"Yana taro," in ji shi.

Daga bayan ƙofa kuwa ina jin 'yan kallo suna ihu. Sakatare ya dubi kaset ɗin da ke hannuna, ya karɓa da hannu biyu, ya ce za a sa shi cikin abubuwan da za a tattauna.

Ni dai atamfa tana wurin tela. Ku kuma masu takarda, kada ku ce an manta da ku. Mai Girma yana neman abokin karawa da ya iya shan kashi, kuma a iya sanina duk garin nan mun cancanta.