Gara Ta Riga Mai Girma Karanta Littattafan Samaru

Yau da safe na taka da ƙafata daga Sabon Gari har Samaru don in miƙa makullin ɗakin karatuna. Ga ni na dawo da shi ƙulle a bakin zanena, ina tafe ina dariya ni kaɗai, har wata mai tallan nono a Palladan ta tsaya tana tambaya ko lafiya.

Bari in faro muku daga tushe. Ni ce Keziya, mai riƙon ɗakin karatu na Sabon Gari, ɗaki ɗaya tak a bayan tashar jirgi, da littattafai saba'in da huɗu. Akawunan jirgi da malamai ne suka tara su, kowa da abin da ya iya kawowa. Ranar da aka ba ni makulli an ce mace ba za ta yi wata uku ba. Na ga damina uku. Rufi ya yi yoyo na kwashe littattafai a ka, ɓera ya zo na kore shi, masu cewa in je in yi tuwo sun gaji sun dawo suna neman aro.

Mu masu wannan aiki akwai wata takarda da ake aiko mana duk wata, wai Labarun Masu Riƙon Ɗakunan Karatu. Ta watan azumi takan iso bayan babbar salla. Mai rubuta ta shi ne Mai Girma Sarkin Kantoci, Garkuwan Tawada, wanda Allah ya hore wa sanin littafi tun daga bango, ba sai ya wahalar da kansa ya buɗe ba. Wata daga cikin na bara ta zo da albishir biyu. Na farko, duk littafin da aka gani da shatin yatsa, laifin mai riƙon ɗakin ne. Na biyu, a cire gwangwanayen da ke ƙarƙashin ƙafafun kantar littattafai, wai suna zubar da mutuncin ilimi.

Wanda duk ya yi damina a Zazzau ya san aikin gwangwanayen nan. Goggo Barakatu, maƙwabciyata mai waina, ita ta koya mini: a tsoma ƙafar kanta a gwangwani, a zuba ruwa da ɗan kananzir, gara ta zo ta yi sallama ta koma. Da na karanta mata takardar, sai ta tsaya da juya waina ta ce, “Ke 'yar nan, ita garar an aika mata tata takardar?”

Ban cire ko ɗaya ba. Makon jiya Mai Girma ya zo dubawa a kan kekensa. Ya ga gwangwanaye, ya ga shatin gawayin masu hura wutar jirgi, ya ga maiƙon Goggo a littafin taurari, don ita ba ta karatu amma ba ta yarda in karanta wa matan unguwa ran Juma'a, kamar yadda na saba, ba tare da ta riƙe ta ga zane ba. Nan take ya yanke hukunci: a rufe ɗakin, in kai makulli Samaru, in ga yadda Malam Cornelius, mai riƙon ɗakin can, yake riƙon nasa, ko na koyi wani abu.

Malam Cornelius mutumin kirki ne, laifinsa ɗaya, yana bin takarda sau da ƙafa. Tun bara ya zuba littattafansa a akwatin katako, ya sauke a ƙasa ba gwangwani, ya datse da kwaɗo. Mai son karatu sai dai ya kalli akwati ya yi addu'a. Duk wata kuwa sai an yabe shi a takarda, ni ana kirana “wata a Sabon Gari”.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau da na isa Samaru, Mai Girma ya yi jawabi mai tsawo a kan tsabta, ya ce ran Asabar wani Babban Baƙo zai zo ganin wannan abin koyi, sannan ya sa a buɗe akwati. Jama'a, gani ya kori ji. Jar ƙasa ce cike har baki, an gina ta ɗaki-ɗaki da soraye, ga masu gida farare suna ta kai da kawo. Abin da ya rage bango biyu ne da rabin taswira.

Malam Cornelius ya share zufa ya ce, “Ranka ya daɗe, wallahi ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa su.”

Gaskiya ya faɗa. A duk ƙasar nan ban ga masu karatun da suka cinye littafi daga farko har ƙarshe kamar waɗannan ba.

Mai Girma ya tuna da Asabar. Ya juyo ya kira ni 'yata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a kwaso littattafan Sabon Gari a jera a nan. Na durƙusa yadda aka koya mini, na miƙa makulli da hannu biyu, na ce, “Ranka ya daɗe, ga shi. Sai dai da zarar an rufe ɗakin, kowane littafi zai koma hannun wanda ya kawo shi. Sharaɗin yana rubuce a shafin farko na kowanne.”

Ya tambayi tun yaushe. Na ce tun ranar da aka buɗe ɗakin. Ban ce da ya buɗe ko guda ɗaya da ya gani ba, don ina da tarbiyya.

Hannun da ya miƙo karɓar makulli sai ya koma gyaran hula. Ya ce ai shi dama gwada ni yake yi, ɗaki yana nan a buɗe, aro kawai yake nema na kwana uku. Na ce madalla, amma kanta da gwangwanayenta za su zo tare. Ya ce lalle, ai shi ya daɗe yana tunanin amfaninsu. Ku sa ido a takarda mai zuwa, za ku ga wanda ya ƙirƙiro gwangwani. Goggo ta ce ta yafe masa, in dai zai aiko da kananzir.

Ran Litinin zai maido da littattafan. Ƙa'idar ɗakina kuwa ba ta san babba ba: duk wanda ya maido da littafi sai ya faɗa mini abin da ya gani a ciki. Don kada a ce ba ni da tausayi, na ɗora masa mai hotuna a sama.