Ranar da Aka Auna Fitilar Kunkuruna

Ba zan taɓa mantawa da wani taron iyaye da malamai ba, ranar da wata 'yar na'ura da ba ta kai wayar hannu girma ba ta ƙaryata ni a gaban jama'a. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Gummi, kuma (gara in faɗa da bakina) ina cikin masu son a ce sun sani.

Wani manomi daga wajen Bukkuyum ne ya kawo mini 'yan kunkuru biyu da ya tsinta a gonarsa. Na sa aka yi musu akwatin gilashi har da murfi, na zuba yashi da duwatsu, na ajiye a ɗakin gwaje-gwaje. Sai na karanta a waya cewa irin waɗannan dabbobi suna buƙatar wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, ana kiransa UV. In suka rasa shi, ƙoƙon bayansu laushi yake yi. Masu kiwonsu a ƙasashen sanyi ƙwan fitila na musamman suke kunna musu. Na ce ni ma ba za a bar ni a baya ba.

Ran kasuwa na je wurin mai kayan wuta na ce ƙwan UV nake so. Ya dube ni, ya dubi kayansa, ya ɗauko wani mai haske shuɗi-shuɗi, ja-ja. "Shi na wanga, Malam." Ban yi tambaya ko ɗaya ba. Launin kawai ya yi mini kama da ilimi.

Na jona shi da solar makaranta, na ɗora a kan murfin. Har taga na rufe, wai kada wani haske ya gauraya da nawa. Wata uku duk wanda ya leƙo ɗakin sai ya sha lacca. Shugaban makaranta ma ya shiga kawo baƙi yana nuna musu.

Da taron ya matso, na kira Dakta Hafsatu, tsohuwar ɗalibata da ta zama likitar dabbobi a Anka. Na san tana da na'urar auna wannan haske, wadda ta samo a wani kwas da ta je. Ni na roƙe ta ta zo da ita (babu wanda ya tilasta ni), don iyaye su ga shaida da idonsu.

Tana shigowa ɗakin ta dubi fitilar. Ta rage murya ta ce, "Malam, ko mu fara gwadawa mu biyu kafin mutane su shigo?"

Na ce, "Haba Hafsatu, wa ya koya miki kimiyyar?"

Iyaye suka cika ɗakin. Na gyara hula, na yi bayani mai tsawo, sannan na karɓi na'urar na sa ƙarƙashin fitila, na danna. Sifili. Na matsar da ita kusa. Sifili. Na girgiza ta, na ɗan bubbuga a tafin hannu kamar tsohon rediyo, na ce da ƙarfi, "Batirin ya yi sanyi."

Hafsatu ta karɓa da hannu biyu, ta taka zuwa bakin ƙofa, ta miƙa ta cikin rana. Lambobi suka hau gudu. Ta dawo da ita ƙarƙashin fitilata, suka koma sifili suka kwanta.

Sai wani dattijo ya matso, ya ƙura wa ƙwan ido, ya ce da zuciya ɗaya, "Malam, ƙwan ga ai irin na shagon askin bakin tasha na."

Dariyar da aka yi, har shugaban makaranta sai da ya juya yana kallon bango. Ni kuwa zufa har cikin takalmi. Hafsatu, Allah Ya yi mata albarka, ta yi ƙoƙarin rufa mini asiri: ta ce ko ƙwan gaske ne, gilashin murfin zai tare hasken. Wato kuskurena biyu ne, ba ɗaya ba. Ta ɗauki 'yan kunkurun ta danna bayansu a hankali, ta ce sun fara laushi amma za su warke. Wannan ne ya fi taɓa ni, don ina son 'yan dabbobin nan.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna na zaune tana gyaran zogale, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To kai, ranar ga da ka gasa mu tun da sahe, ita ka ɗauko daga saman kwano, ka bi da ita ta waya, don ka kunna ta ƙarya? Mi ya hana ka buɗe taga?"

Na wanke hannu. Na ci tuwona.

Washegari na kewaye musu wuri a gindin dalbejiya, rabi rana rabi inuwa. Yanzu sun yi ɓul-ɓul, bayansu kamar dutse, kuma zamana kusa da su lokacin tara ya zame mini hutu. Hafsatu kan leƙo in ta shigo gari, mu yi dariyar abin tare.

Abin da na koya shi ne, kafin in kwaikwayi mutumin da rana ke yi wa rowa, in fara ɗaga kai in tuna a Gummi nake.