Kwalbar Maganin Shugaba Kuwabara

Duk faɗin birnin Osaka babu jarumi irin Kuwabara Shigenori, wanda ya kashe dodanni ba adadi ba tare da ya tashi daga kujera ba. Shi ne shugaban ƙungiyar masoya tsofaffin wasannin kwamfuta, masu taruwa kowace Lahadi a saman shagon taliya. A bayan idonsa suna kiransa Sarkin Yaƙin Kujera. Da ya ji, ya ɗauka kirari ne, har ya sa aka buga masa a katin sunansa.

"Wasannin yanzu ai na 'yan gata ne," in ji shi, yana shafa tsohon faifan wasa kamar kan jika. "Mu a zamaninmu sai ka zana taswira da hannunka, ka ɓata, ka mutu, ka gode."

Babban abin alfaharinsa wata kwalbar magani ce a cikin wasan Hasumiyar Toka, wadda ke dawo wa jarumi da ƙarfinsa gaba ɗaya. Guda ɗaya ce tak a wasan. Tun yana da gashi ya same ta, ga shi kai ya zama madubi, bai taɓa sha ba.

"Ragwaye ke sha. Gwani ajiyewa yake don babbar rana."

Babbar ranar kuwa ta zo. Tsuruta, tsohuwar direbar bas da ta gaji da wa'azinsa, ta ajiye kofin shayinta.

"Shugaba, surutun ya isa haka. Ka kashe mana dodon ƙarshe mu gani, ko ka ba da kujerar."

Ya rusuna, ya naɗe hannun riga, ya yi jawabin da ya sa taliyar kowa ta huce. Aka kunna na'ura. Dodo ya make shi sau ɗaya, ya ƙara. Ran jaruminsa ya koma kamar zare.

"Shugaba, sha maganin mana," in ji ma'ajin ƙungiyar.

Yatsansa ya je kan maɓallin kwalbar ya tsaya. Gumi ya tsattsafo a kan madubin kansa.

"To in akwai wanda ya fi wannan a gaba fa?"

"Wane gaba? Sunansa ma dodon ƙarshe," in ji Tsuruta.

"Ku ba ku san dabarun yaƙi ba."

Dodon ma bai sani ba, sai kawai ya sake make shi. Jarumi ya faɗi matacce, kwalbarsa cike fal, ko murfi ba a taɓa ba.

Tsuruta ta hau kujerar, ta ce ashe ma da ɗumi. Tsohon shugaba ya koma benci ya dafe kai, abin har ya ba ta tausayi. Ta miƙa masa ƙwayar maganin ciwon kai da ruwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye ruwan, ya naɗe ƙwayar a hankici ya sa aljihu.

"Wataƙila gobe ya fi haka ciwo."