Filon da Na Goyo Daga Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na dawo Pauwa daga asibitin birni ba. Yau na tsufa, haƙorana sun zube, amma in na tuna sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Zamanin Turawa ne, ana gab da samun mulkin kai. Kafin nan sau biyu ana yanka cikina. Na farko wajen haihuwa ne, aka ciro yaro Allah bai yi zai rayu ba. Na biyu kuma tsohon ɗinkin ne ya kumbura aka sake gyarawa. Daga nan shiru, shekaru suka yi ta wucewa ba ko ɓatan wata. To da na ga cikina ya fara tasowa, wa zai tsaya tambaya? Matan kirki ɓoye ciki suke yi saboda kunya, ni kuwa turo nawa na riƙa yi gaba, in dafe ƙugu a bakin rijiya ina nishi (Allah ya yafe mani, rabin nishin nan na gayu ne). Surukata, Inna, ta hana ni daka da surfe. Malam, maigidana, ya tara itacen wankan jego har ya kusa kai tsayin danga, sannan ya tafi fataucinsa.

Ban taɓa jin motsi ba, amma na ce yaron mai haƙuri ne. Da watanni suka zarce, na ce kwanciya ya yi.

Tunda likita ya taɓa gargaɗina cewa kada in kuskura in haihu a gida, Gwaggona ta raka ni birni a motar auduga. Baturen likita ya latsa nan, ya latsa can, ya yi magana. Ma'aikaciyar jinya ta juyo ta ce, "Baiwar Allah, ba ɗa ba ne. Ƙari ne, wata jakar ruwa ta fito maki a jikin ƙwan haihuwa." Na ce ƙarya yake yi. Ni, da ban san ko bihim ba, na ƙaryata likita!

Aikin ya ba su wuya, don tsofaffin tabon sun manne da hanji. Na daɗe kwance, tari ma sai na yi shahada. Gwaggo ta ce a aika gida a faɗa masu gaskiya, na kama ƙafarta ina kuka na ce kada ta tona mani asiri. Wai ni a dole zan shiga gari a sace, ba wanda ya gani.

Ranar sallama aka ba ni ɗan filo, aka ce in danne ɗinkin da shi saboda gargadar hanya. Na naɗe shi da zane kada ya yi datti, na rungume. Daga Kankara aka ɗora ni a jaki. Muna shiga unguwa, matan da ke dawowa daga rijiya suka hango ni, ciki ya sace, ga abu a naɗe a ƙirji. Sai guɗa! Kafin in sauka gida ya cika maƙil.

"Barka, barka! An sauka lahiya?"

Gwaggo ta buɗe baki, na harare ta. Jama'a, ga inda na kashe kaina: maimakon in yi magana, sai na ji hannuna yana jijjiga filon nan, har da ɗan bubbuga bayansa.

Inna ta fito da gudu, ɗankwali a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe. "Miƙo mani angona in gani! Mi kike jira?"

Na miƙa mata. Wallahi na miƙa.

Ta yi bisimilla, ta yaye zanen a hankali kada iska ta taɓa shi. Tsakar gida ta yi tsit, in ban da wata tsohuwa mai nauyin kunne da ke can baya tana ta rangaɗa guɗa ita kaɗai. Inna ta dubi filo, ta dube ni. Na durƙushe na fashe da kuka, ɗinki na ja, Gwaggo ta zayyana masu komai.

Dariya nake jira, ko zagi. Inna ta kore mata, ta kai ni ɗaki, ta ɗaga rigata ta ga yanka uku kwance a jere. Ta sauke rigar a hankali. Sannan ta ce, "Ɗiyata, duk wannan kika sha ke kaɗai, don tsoron bakinmu? Da kin mutu can fa, mi zan ce wa Malam?"

Wannan tambayar ta fi guɗar nan ƙona ni. Matan Pauwa dai ba su bar ni ba, har na yi furfura ana ce mani Uwar Filo. Tun daga ranar, ko ƙaya ce ta soke ni, ni ke fara kai labari gida tun kafin a ciro ta.