Sanyin da Na Samo a Wurin Papa Ebuka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa kashe min aure a gaban yayar mijina ba. Kuma abin da ya kai ni asibiti a ranar, yatsu ne kawai. Yatsun hannu fa, jama'a!

Tun ina budurwa nake da wannan abin. Da na taɓa ruwan sanyi sai yatsuna su yi fari fat kamar alli, can su koma shuɗi-shuɗi, sai su mutu murus, ko allura aka soka min ba zan ji ba. In jinin ya tashi dawowa kuwa, zugi kamar harbin kunama. Ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da na haifi Ilham. Wata safiya cikin marka na gama wanki, na ɗauko ta zan yi mata wanka, sai kawai na ga yarinya tana zamewa daga hannuna, ni kuma ban ma ji ta ba. Da gwiwa na tare ta. Ita tana ta dariya, ni ina kuka.

Daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. In na ɗauke ta sai na riƙa kallon yatsuna kamar ɓarayi. Amma asibiti? A'a. Ƙanwar babarmu mai ciwon suga da yatsun ƙafa goma ta shiga asibiti, da tara ta fito. Ni a kaina, duk yatsan da ya canza launi, likita almakashi yake ɗaukowa. Na shafa man zafi, na sha citta har maƙogwarona ya gaji, na yi turaren da wata maƙwabciya ta ba ni (tari kawai na samu). A ƙarshe dabarar da ta ɗan yi min aiki ita ce safar ƙwallon Abban Ilham. Dogaye, masu ratsin kore da ja. In zura su a hannu, in rufa da hijabi, babu mai sani.

Abin da ya ƙara ta'azzara lamarin sana'ata ce. Ina yin zoɓo da kunun aya a robobi, kuma kun san halin wutar unguwarmu Kakuri, sai ta ga dama. Don haka nake kai kayana firizar Papa Ebuka, wani dattijon Ibo mai shagon lemo a bakin layinmu, shi yana da janareta. Kullum da sassafe ni ce zura hannu cikin ƙanƙara ina zaro robobi. Matarsa ma ta sha ce min da 'yar Hausarta, "Maman Ilham, wannan hannu naka ba lafiya, je asibiti." In yi dariya in wuce.

Abban Ilham ne ya gaji ya kai ƙarata wurin yayarsa, Yaya Hauwa ta Unguwar Mu'azu. Bai faɗa mata abin da ke damuna ba, ya dai ce ba ni da lafiya kuma ina tsoron almakashin likita. Ita kuwa ba a yi mata musu. Ta zo da safe, ta goya Ilham da kanta, ta ce, "Sa hijabinki. In yankewa ne ma, ina nan a yanke." (Wai lallashi ke nan.)

Muka hau keke napep. Garin ya yi luf da hadari, don haka na zura safata a ɓoye. Tun a hanya nake haɗa bayanin da zan yi, tsaf-tsaf. Muna shiga, warin maganin nan na asibiti ya buge ni, komai ya gudu daga kaina.

Nas ɗin da ke tambayoyi kafin a ga likita wata 'yar Kudancin Kaduna ce, Sista Rifkatu, mai fara'a, Hausarta tar. Tebur ne a ɗan lungu, labule kawai ya raba mu da matan da ke layi. Yaya Hauwa ta tsaya a kaina tana jijjiga goyo.

"Madam, me ke damun ki?"

Na ce, "Sanyi."

To, kowace mace a garin nan ta san abin da ake nufi in mace ta zo asibiti ta sunkuyar da kai ta ce sanyi. Ciwon mata, na can ƙasa, wanda ake cewa a haɗa da miji a sha magani. Ni ma na sani! Amma a lokacin hankalina yana kan almakashi.

Sista ta rage murya. "Ba komai, ba ke kaɗai ba ce. Tun yaushe?"

"Tun kafin in yi aure."

Jijjigar Yaya Hauwa ta tsaya.

"Yana ƙaiƙayi?"

"Wani lokaci. Amma ya fi zugi. Kuma yana canza kala, ya yi fari, ya yi shuɗi."

Sista ta ɗago ta dube ni. "Shuɗi?"

"Wallahi shuɗi. Har maƙwabta na nuna wa."

Na ji wata a bayan labule ta ce, "Ikon Allah."

"Mijinki ya sani?"

"Ya sani mana. In na taɓa shi har zabura yake, ya ce in matsa can."

"To, dole shi ma ya zo a duba shi. Amma kin ce tun kafin aure. Yanzu ya ƙaru ne?"

Nan fa na samu bakin magana, don ina ganin ga mai fahimta ta samu. Na gyara zama na ce, "Ai Sista, da da sauƙi. Tun da na fara zuwa wurin Papa Ebuka abin ya lalace."

"Wane ne Papa Ebuka?"

"Wani mai shago ne a layinmu. Kullum da sassafe nake zuwa, kafin Abban Ilham ya tashi. To duk ranar da na je, da shi nake dawowa."

Ni kuwa, da na ga sun yi shiru, sai na ɗauka tausayina suke ji, na ƙara da cewa, "Matarsa ma ta sani. Ita ce ma ta fara cewa in zo asibiti."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Yaya Hauwa ce. Ta dafe bango. Ta fara lalube a jaka tana neman waya. "Ɗan'uwana! Yaron da ko shayi ba ya sha a waje! Ke, a gabana? Ko kunya?"

Na ce, "Yaya, to ya zan yi? Sana'a ce fa."

Wallahi haka na ce. Sana'a ce fa.

Labulen nan ya motsa, na ga idanu sun jeru a gefensa. Sista ta ajiye biro ta ce, "Madam, tsaya. Tsaya tukuna. A ina sanyin yake? Nuna min da hannu."

Sai na zaro hannuwana daga cikin hijabi. Biyu, cikin safar ƙwallo har gwiwar hannu, kore da ja, ɗaya da huji a wajen babban yatsa. Na ce, "Ga su."

Sista Rifkatu ta kalli safa, ta kalle ni, ta kifa kai a tebur. Kafaɗunta kawai ke rawa. Sai a lokacin maganganuna suka dawo min ɗaya bayan ɗaya, kowacce da marinta. Na ce, "Firiza! Yaya, firizarsa! Zoɓo nake kaiwa!" Matan layi suka kwashe da dariya har da tafi, wata tsohuwa tana cewa, "Allah ya wanke Papa Ebuka!" Yaya Hauwa ta zame ta zauna a benci, waya a hannu, ta ce, "Ai da kin bari na danna kiran nan, da yau sai dai ki kwana a firizar."

Da Sista ta share hawaye ta sa na cire safar, sai ga yatsu lafiya lau, jajir (munafukai, a gida ne suke iya shegensu). Ta aika aka sayo ruwan leda mai ƙanƙara ta ce in riƙe. Kafin a kira ni wurin likita sun yi fari fat. Karo na farko ke nan da na yi murnar ganinsu haka.

Likita ya juya hannun, ya yi tambayoyi, wannan karon Yaya Hauwa ce ke fassara Hausata zuwa Hausa. Ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsukewa in sun ji sanyi. Ya faɗi sunan abin, ya yi min kama da sunan ɗan ƙwallon Turai, ban riƙe ba. Ya ce a ɗebi jini a tabbatar babu wata cuta a ƙarƙashi, in daina zura hannu tsirara cikin ƙanƙara, in riƙa ɗumama hannu kafin in ɗauki yarinya. Na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, ba za a yanke ba?" Ya ce, "A yanke me?"

Wata da watanni ina gudun asibiti saboda tambayar da amsarta ba ta wuce wannan ba.

Yanzu da safar roba mai kauri nake zaro robobina, in kuma zan yi wa Ilham wanka sai na fara tsoma hannu a ruwan ɗumi, ina jin ta sarai a tafina. Abban Ilham ya ji labari tun kafin mu iso gida, ya yi dariya har ya ƙware. A dangin mijina kuwa sunana ya tashi daga Maman Ilham ya koma Sana'a Ce Fa.

Don Allah, in yatsunki na yin irin nawa, kada ki zauna kina tsoro, ki je a duba. In kin je kuma, ki fara miƙa hannun kafin ki buɗe baki.