Ƙugin Cikin Kaset ɗin Hajiya Dije

"Lahiya lau, Maigida, lahiya lau. Ina gajiyar zaman banza?"

"Gajiya ta bi lahiya, Amarya. Wa ya kwance ki da hantsin nan? Ai na ce a riƙa ɗaure mani ke ga turke."

"Mijin da bai iya ɗaure wandonai ba, shi za ya ɗaure ni?"

Hajiya Dije ta ƙarasa shigowa tana dogara sanda, ta ture igiyoyin wuta da ƙafa, ta zauna a kan benci kamar ita ta gina wurin. In gaskiya za a bi, ita ɗin ce ta gina shi. Ɗakin da jikanta Maccido ke kira situdiyo tsohon ɗakin ajiyar albasar kakansa ne, a zauren gidansu da ke Illela. Ya manne bangon da kwalayen ƙwai, ya kafa kwamfuta da lasifika biyu, amma da rana ta yi zafi albasa sai ta tuna wa kowa ita ce mai ɗaki. Sunan marigayi mijinta aka sa wa yaron, don haka bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Maigida take ce masa, shi kuma ya rama da Amarya.

Kwana uku ke nan Maccido na zaune gaban abu ɗaya ya kasa yanke shawara. Bikin ƙanwarsa Ummu saura kwana tara, ya kuma cika baki gaban mata cewa zai haɗa wa amarya waƙa, ya saka muryar kakarsu a ciki daga wani tsohon kaset na waƙar daka. Ya juye kaset ɗin cikin kwamfuta, sai ya tarar duk shuu ne da ƙugi. Ya samo wata 'yar manhaja ta gyaran sauti, ikwalaiza, masu ita sun ba da ɗanɗano, sun kuma karya farashi zuwa yau kaɗai. Arahar ce ta ba shi tsoro.

Kaset ɗin nan kuwa yana da tsohuwar shari'a a gidan. Shekara arba'in Hajiya Dije na rantsuwa cewa ranar da aka ɗauki waƙar, mijinta Alhaji na bayan danga yana yi musu amshi ƙasa-ƙasa. Alhaji, mutumin da ko dariya sai ya duba gabas da yamma, ya musa har ya koma ga Allah. 'Ya'yanta in ta tayar da zancen sai su yi murmushi su ce tsufa ne. Abin na ci mata rai, ko da ba ta faɗa.

"An ce mani wani abu za ka saye, ka hana kanka tuwo. Miƙo shi in gani."

"Ba a miƙa shi, Amarya."

"To ɗauko in taɓa."

"Ba a taɓa shi. Cikin kwamfuta yake."

"Auna shi aka yi, ko ɗaurawa?"

"Sauko da shi ake yi daga intanet."

"Daga sama ke nan." Ta riƙe haɓa. "Wa ad da shi?"

"Wasu mutane ne can ƙasar waje."

"Ka san ubansu? Ka san rumhwarsu? In ya lalace, ƙohwar wa za ka kai kuka? Ni shekara hamsin ina kai albasa Ƙwanni ina dawowa da kuɗin sehwa ƙulle ga zane, ban taɓa cinikin biri a sama ba."

"Shi ya sa har yau wayarki mai tocila ce."

"Mai tocilar ba ta taɓa maida mutum akuya ba. Ina abin maganar nan na araha da kas sawo bara? Lawwali mai waƙa ya shigo nan da muryatai garau, ya hita cikin rediyo yana kukan bunsuru. Har uwatai ta zo ta yi mani jaje."

Nan ta taɓa masa gyambo. Makirufon nan ne ya sa yake ɗari-ɗari da duk wani abu mai araha, don har yau samarin tasha in sun hango Maccido sai wani ya yi "meee". Ya sosa ƙeya.

"Wannan daban ne."

"Haka kac ce wancan karon. Araha ba ta ado, Maigida."

"Ai ke ma araha na same ki, ga shi kin kai shekara tamanin ba ki lalace ba. Sai dai ƙara da kike yi in an taɓa ki."

"Ungo naka!" Ta watsa masa yatsu biyar, tana danne dariya. "To mi yaka yi, shi wanga iko-laiza?"

Abin da yake so da tsohuwar ke nan. Za ta zage ka tas, amma sai ta san yadda abu ke aiki. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Wani layi ne a miƙe, da ɗige-ɗige a kansa.

"Kin ga sauti, ba abu ɗaya ba ne. Akwai mai kauri a nan hagu, irin ƙugin mota da bugun turmi. Akwai na tsakiya, inda muryar mutum take. Akwai siriri a dama, irin shuu ɗin nan na tsohon kaset. In na ja ɗigon nan ƙasa, wancan ɓangaren ya ragu. In na ɗaga shi, ya ƙaru."

Ta matso da fuska har hancinta na neman taɓa gilashin.

"Gari gehe, tsaki gehe, dusa gehe."

"Haka ne."

"Ashe rariya ta! Kai yanzu rariya kaka yi wa zaman makoki kwana uku? Tashi in ara maka tawa."

"Taki da ta huje ko'ina kamar bakin mai ita?"

"Kunna mu ji, mai bakin tsiya. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ya kunna kaset ɗin yadda yake. Shuu ya cika ɗakin, sai bugun taɓarya uku suna bin juna, dum, dum, dum. Can ƙarƙashi wata murya siririya ta taso:

"Geron Tozai, zo mu gaisa,
kai ka kwana rumbu, ni na kwana tunani."

Mata biyu suka amsa: "A daka lahiya, a daka lahiya."

"Kai! Wace yarinya ce wannan?" Maccido ya dafe ƙirji. "Wannan ya kamata in aura, aka yi mani musaya."

"Ita kaɗ ɗauko. Rowarka ta tsuhe da ita."

Ya ja ɗigon dama ƙasa, shuu ya kwanta. Ya ja na hagu ƙasa sosai, ƙugin ya ɓace. Muryar Dije ta shekara arba'in da suka wuce ta fito fes, kamar yanzu ta wanke baki. Wallahi shi kansa bai zaci abin araha zai yi haka ba. Ya tsayar, ya harɗe hannu, yana jiran yabo.

Yabo bai zo ba. Ta karkata kai tana kallon lasifika.

"Mi kaz zubar?"

"Datti. Shuu da ƙugin motocin kaya."

"Motocin wa? Wagga waƙa a Tozai anka ɗauke ta, gidan gona, da rakodar da Alhaji yas sawo Ƙwanni. Shekarar nan in ka ji ƙugi a Tozai, to raƙumi na ko hadari. Kuma rani a kai."

"To injin rakodar ne."

"Ko kuma kai na."

Ya gane inda ta dosa. Ya gyara zama, ya kumbura murya irin ta dattawa, don tun yana yaro shi ya gaji musun tare da sunan.

"Ke, na hwaɗa maki tun zuwana duniya na hwarko, ban yi waƙa ba. Ni da ke da buhun albasa ɗari bisa hanya, ina ni ina amshin mata?"

"Ƙarya kaka yi can, ƙarya kaka yi nan. Ina jin ka bayan danga, har tari kay yi don ka ɓadda sawu."

"Jaki ne."

"To jakin da hula."

Ta nuna kwamfutar da bakin sanda, kuma wannan karon ba wasa a muryarta.

"Mai tankaɗen ƙwarai tana duba tsaki kahin ta watsa ma kaji. Juya rariyar taka. Zubar da ni, ka bar mani abin da kaz zubar."

Maccido bai taɓa tunanin yin haka ba, kuma son sani ya kama shi har tafin hannunsa na ƙaiƙayi. Bai taɓa jin muryar mutumin da yake ɗauke da sunansa ba, don an haife shi bayan rasuwarsa da wata biyar. Amma tsoro ya fi yawa. In ya juya aka ji injin rakoda ne kawai, to shi da hannunsa ya ƙwace wa tsohuwar nan abin da ta riƙe shekara arba'in, ya kuma tabbatar wa 'ya'yanta cewa tsufa ne.

"Amarya, a bar kaza cikin gashinta mana."

"Hige ta. Ni ad da kazar."

"In ba a ji komi ba hwa?"

"Sai in san rariyarka ta banza ce, ka huta da saye."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya maido ɗigon hagu, ya ɗaga shi sama, ya danne na dama har muryoyin mata suka koma can nesa. Bugun turmi ya cika ɗakin, kwalayen ƙwai na rawa a bango.

"Ka ji hannu!" in ji ta. "Na tsakiyan nan nawa na."

Ya ƙara wani ɗigo, ya matse shi siriri, ya bi bugun a hankali har ya kama daidai inda yake, ya danne shi. Turmi ya ja baya. Ƙugin ya rage shi kaɗai, yana hawa yana sauka. Inji ba ya hawa da sauka haka. Ya ɗan tura ɗigon zuwa tsakiya, kaɗan, ya ƙara kaɗan.

Sai ƙugin ya zama mutum.

Murya ce mai kauri, a dushe, ta wanda ke waƙa da baki rabi a rufe don kada a kama shi. Tana shigowa daidai inda mata ke amshi, tana ɗan makara. Amma ba abin da suke faɗa yake faɗa ba.

"A daka lahiya, Dije. A daka lahiya, Dije."

Sandar Hajiya ta zame ta faɗi, ba ta ko duba ba. Ita amshi kawai ta ji a ranar, ba ta ji wannan ba. Shekara ashirin da shida suka yi tare, mutumin nan bai taɓa kiran sunanta a gabanta ba, daga "ke" sai "mai ɗakin nan". Maccido ya kasa kallon ta, ya kafa wa layin ido.

"A daka lahiya, Di..."

Ɗif. Lasifika suka yi shiru.

"Wa yay yanke shi?" Ta miƙe tsaye ba sanda. "Wuta anka ɗauke?"

"Masu kayan ne. Ɗanɗano suka ba mu. Yana yi yana yankewa, kuma ba ya bari a adana abin da aka gyara sai an saya."

"In an saye, za ya shiga wayata mai tocila?"

"Zai shiga. Ki ji shi duk sanda kika so."

"Nawa na?"

"Bai kai kuɗin zabi biyu ba."

"Tahi akurki ka kama ukku." Ta koma ta zauna, tana goge ido da bakin mayafi. "Saye shi yanzu, ina kallo. Sau guda anka ɗauke mani muryag ga, ban da ta cewa, don Mai ita ya karɓa. Ba ni bari wani ƙato da ban san ubanai ba shi sake ɗauke ta don zabi biyu."

Maccido ya ɗauko wayarsa. Sai da ya yi kuskuren lambobin sau biyu kafin saƙo ya shigo cewa an karɓa. Ya ja numfashi, ya juyo, ya sake kumbura murya, amma ta ƙi kumbura yadda yake so.

"To, Amarya. Na amsa. Ni na yi waƙar."

Dariya ta ƙwace mata da hawayen a fuska, har tana buga cinya.

"Sai yau? Munahuki! A kira mani ɗiyana, su Abu da Sahabi, su zo su ji tsuhwan da sunka ce ina yi." Ta ja bencin kusa da lasifika, ta kara kunnenta mai ji. "Maido shi daga hwarko."

"Ba ko na gode? Ni da na..."

"Yi mani shiru, yaro. Mijina na magana."