Yadda Za Ka Gyara Lafiyayyar Mota Har Ta Daina Tafiya

Idan ka shiga layin gareji da ke bayan dogayen gidajen nan na garin Haskovo ka tambayi wane ne Tihomir, kowa da irin amsar da zai ba ka. Tsohon makaniken da ke bakin layin, wanda ake kira Bai Stoycho, cewa yake yi, "Yaron kirki ne, hannunsa ne kawai ba ya jin magana." Tsohuwar da ke zaune a hawa na biyu ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa da kyau ba, amma ko cikin taro za ta gane tafin takalminsa, don kullum shi ne ke leƙowa daga ƙarƙashin mota. Matarsa Radostina kuwa, in aka tambaye ta ina maigida, sai ta ce yana jinya. In aka ce wa ba lafiya, sai ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Shi ne bai yarda ba."

To kai mai sha'awar wannan hanya, ga abin koyi ka samu. Bi matakan nan yadda Tihomir ya bi su. An ba ka tabbaci, ba a taɓa samun wanda ya bi su ya ji kunya a layin gareji ba. A gida kuwa wata magana ce.

Mataki na ɗaya: Nemi motar da ba abin da ke damunta

Ƙarama za ka nema, mai ƙofa huɗu, mai zafin nama, irin waɗanda ke gama aikinsu a Jamus a loda su kan tirela a kawo mana. Dillali zai dafa ƙirji ya rantse maka cewa wata tsohuwa ce ke hawanta, ita ma sai ranar Lahadi zuwa coci. Ka yarda. Tsohuwar nan ita ta mallaki rabin motocin ƙasar nan.

Lallai ta kasance lafiyayya. Mota mai ciwo gyara take buƙata, gyara kuwa yana ƙarewa. Kai abin da ba ya ƙarewa kake nema.

Mataki na biyu: Yi alkawari da zuciya ɗaya

Tihomir na da 'ya ɗaya, Denitsa, tana aji goma sha biyu. Ka san yadda bikin gama makaranta na watan Mayu yake: a ɗaura wa motoci balan-balan, yara su leƙo ta taga cikin kwalliya suna ƙirga ɗaya zuwa goma sha biyu da iyakar muryarsu, a taru a harabar makaranta, malamar aji ta kira sunan kowa karo na ƙarshe kafin a wuce wurin rawa. Denitsa ba rawar ce ta dame ta ba. Kiran sunan nan take jira. Sau ɗaya ake yinsa, wanda bai amsa ba kuma ba a sake masa.

Tun sanyi bai wuce ba ta same shi a kicin yana cin burodi da cuku a tsaye.

"Baba, ƙawayena duk hayar mota za a yi musu. Ni taka nake so, kai nake so ka kai ni."

Tihomir ya kasa haɗiye lomar da ke bakinsa don daɗi.

"Amma abu ɗaya," ta ce. "Kada ka taɓa ta sai bayan biki."

"Taɓawa kamar yaya, 'yar baba?"

"Kamar yadda ka sani."

"Wanki fa?"

"Wanki kawai."

Ka lura da kyau. Wanki abu ne mai faɗi. Ba a wanke bayan taya sai an cire taya. In an cire taya kuwa, ga sifirin yana kallonka, kana kallonsa.

Mataki na uku: Kwantar da ita

Kamfanin da ya ƙera motar ya tara injiniyoyi sun yi shekaru suna auna nisan cikinta da ƙasa. Kada wannan ya ba ka tsoro. Ba su san Plamen mai sayar da taya ba.

Plamen ne ya zo da gahawa a ɗan kofin roba, ya zagaya motar, ya ajiye kwalin sigarinsa a tsaye ƙarƙashin bamba. Kwali ya shige, har da sauran wuri.

"Tisho, mota ce wannan ko tarakta? Ai kaza sai ta wuce ta ƙarƙashinta ba ta sunkuya ba. A wannan za ka kai yarinya gaban jama'a?"

"Na yi mata alkawari, ɗan'uwa."

"Alkawarin ka kunyata ta?"

Da yamma aka yanke sifirin, mota ta kwanta dab da ƙasa. Bai Stoycho yana zaune kan kujerarsa, da aka gama sai ya ce, "Yanzu sai ku nemo mata garin da babu rami." Aka yi dariya, aka ce tsufa ne.

Daga nan za ka koyi garinku sabon koyo. Za ka san kowane rami da kowane tudun rage gudu kamar yadda ka san danginka, ka san wanda ake gaisarwa daga nesa. Gidan burodin da ke bayanku zai koma tafiyar zagaye gari. Wannan ba wahala ba ce, sanin ƙasa ne.

Mataki na huɗu: Ƙara ƙara, rage nauyi

Salansa an yi ta ne don a rufe wa mota baki. Cire ta, ka sa bututun da kan jariri zai shiga. In ka tayar da inji tagogin hawa na biyar ba su karkaɗa ba, an cuce ka.

Sannan nauyi. Safaya nauyi ce. Jak nauyi ne. Kujerar baya ita ce uwar nauyi, domin ban da nata, tana gayyato mutane. Tihomir ya ciro ta ya jingina a bangon gareji, abokai suka sami wurin zama. Kujerun gaba ya musanya su da na tsere, masu zurfi kamar kwano, masu igiyoyi huɗu da ke ɗaure mutum kafaɗa da ƙugu.

Radostina ta sauko da kwandon shanya ta gani.

"Tisho, ni da Inna a ina za mu zauna ranar?"

"Ai ga motar yayanki."

"Wadda kake kira akwatin kabeji?"

"Akwati ne mai wurin zama."

"Deni ta sani?"

"Ba-zata nake shirya mata."

Ta dube shi irin duban da ake yi wa madarar da ta fara tsami, ta ɗauki kwandonta ta hau.

Mataki na biyar: Kula da lafiyarta

Wata 'yar fitila za ta kunna a gaban sitiyari. Kada hankalinka ya tashi. Nemo ƙaramin hoton waliyyi ka manna a kanta. Ka rufe fitila, ka kuma sami kariya.

Abin da ke aiki lafiya, shi za ka fi zargi. Kwance shi ka ga dalili. In ka mayar, kusoshi biyu uku suka ragu a hannunka, ka yi murna, nauyi ne ya ƙara raguwa.

Mataki na shida: Ranar biki, fara da abin da ya fi muhimmanci

Wato goge wili. Tihomir ya sa kwat ɗin aurensa, ya durƙusa da tsumma, yana gogewa yana ja da baya yana dubawa. Motocin maƙwabta suka tashi da hon da ihu, suka bar layin shiru. Radostina ta leƙo ta baranda ta kira shi, ta sake kira.

Denitsa ta sauko cikin doguwar riga shuɗiya mai faɗin gindi. Kakarta ta zubo ruwa daga ɗan kaskon tagulla a gabanta, don tafiyarta ta yi sauƙi kamar gudun ruwa. Ruwan ya fantsama.

"Inna, wilin!" in ji Tihomir.

"Wilin uwaka," in ji tsohuwa, ta ci gaba da addu'arta.

Denitsa ta tsaya tana kallon motar. Ta leƙa baya ta ga ƙarfe tsirara inda kujera take a da.

"Wanki ke nan, Baba?"

"Shiga dai ki ji yadda take."

Ta shiga, ta nutse cikin kwano, riga ta taso mata har haɓa. Ya ɗaure ta da igiyoyin nan huɗu. Ta gwada leƙawa ta taga don ta yi ƙirgar da ta shekara goma sha biyu tana jira, igiya ta ce ba ta san zancen ba. Ko da ta leƙa ma, wa zai ji ta a kan ƙarar bututu?

Mataki na bakwai: Fuskanci tudu kamar namiji

Hanyar makaranta ɗaya ce, siririya, mai hawa. A gindin hawan akwai tudun rage gudu, wanda Tihomir bai taɓa haye shi ba tun da aka yanke sifirin, don bai da abin yi a makaranta.

Ga ƙa'ida: a karkace ake hawa, taya ɗaya bayan ɗaya, kana riƙe numfashi. Ya karkata. Tayar farko ta haye. Ta biyu ta haye. Sai aka ji wani ƙuuu daga ƙasa, kamar ana jan tukunya a kan siminti, mota ta zauna daram a kan cikinta, tayoyin baya suna juyawa a banza. Tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ta tsage, mai ya fara malala.

A bayansu akwatin kabeji ya tsaya cak da uwa da kaka da kawu, ba hanyar wucewa. Daga can sama ana jiyo kiɗa.

"Baba, kwance ni."

"Minti ɗaya, yanzu zan..."

"Kwance ni."

Ya kwance ta. Ta fito, gefen rigarta ya sha mai. Ta duba gefen rigar, ta dubi hawan, ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu. Shi kuwa tuni ya kwanta rigingine da kwat ɗinsa, kansa a ƙarƙashin bamba, yana cewa, "Kash, yi haƙuri, yi haƙuri." Da motar yake.

Mataki na takwas: Nemo mai laifi

Masu laifi ba sa ƙarewa. Akwai wanda ya gina tudun. Akwai Plamen. Akwai nauyin rigar. Akwai Jamusawa da suka sa tukunyar mai a ƙasa maimakon a sama. Zaɓi ɗaya ka riƙe shi da ƙarfi, ka riƙa maimaitawa har kai ma ka yarda.

Tihomir ya fara da kyau. Yana kwance yana bayanin tsayin tudun ga duk mai takalmin da ya matso. Sai Radostina ta tsuguna, ba ta ɗaga murya ba.

"Tisho, juya kanka hagu."

Ya juya. Ta tsakanin taya da kwalta ya hango ƙafafun 'yarsa ba takalmi, suna hawa tudu da sauri, baƙin gefen riga na jan ƙasa a bayansu. Ba ta waiwayo ba. Ya bi su da ido har suka sha kwana. Mai na ɗiga masa a wuyan riga, bai goge ba.

Sanarwa

Mai wannan nasiha ba shi da hannu a tsagewar inji, ko tsamin fuskar maƙwabta, ko kwanan gareji a kan kujerar baya. Wanda ya bi matakan nan, shi ya sani. Musamman kuma ba ruwansa da abin da Tihomir ya aikata bayan haka, domin babu shi a cikin darasi, kuma har yau in an tuna shi a layin gareji sai Plamen ya girgiza kai.

Fitowa ya yi ya bar motar a kan tudu, ƙofa a buɗe, makulli a jiki, ya kama hawa da gudu.

Ya isa harabar ana tafi. Malamar aji ta riga ta gama, tana share hawaye, yara na rungumar juna. Denitsa na tsaye a bakin ƙofa, takalma a hannu, tana haki. Wata ƙawarta ta ce mata a hankali, "Sau biyu ta kira ki. Ta jira ma."

Iyaye suka dare suka ba shi hanya, kowa na kare kayansa daga mai. Ya tsaya gabanta.

"Deni, wannan tudun, wallahi wanda ya gina shi..."

Ta ɗago ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, jira kawai take yi ya gama. Ya bar zancen tudu. Ya shafa hannunsa a kwat, ya ƙara ɓata shi, sannan ya faɗa da muryar da har malamar ta juyo.

"Ba tudu ba ne. Abu ɗaya kika roƙe ni, na ce to, na je na yi son raina. Ni na hana ki amsa sunanki, ba ni kuma da yadda zan mayar miki da shi. Ki yafe mini, Denitsa."